Muhawara: mai kambu bakwai, ko wanda ya ci a kwalta ya ci a rairayi?

Laouali Makanike (Sabon Gari):
Assalamu alaikum ƴan zaure. Duk ranar da aka tada zancen tseren motoci a nan, sunaye uku ake ta juyawa: Hamilton, Schumacher, Verstappen. Ban raina ko ɗayansu ba. Amma in ana maganar direba, wato mutumin da kowace irin mota ka miƙa masa makullinta sai ya fitar da abin da ke cikinta, ni Jacky Ickx nake sa wa gaba.

Ɗan Beljiyam ne, an haife shi ranar 1 ga Janairun 1945. Da ƙaramin babur ya fara, irin gasar nan ta bin duwatsu da ramuka ba ka sa ƙafa ƙasa ba, sannan ya koma mota. A Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, ya ci tsere 8, ya zo na biyu a duniya a 1969 da 1970. Tseren awa 24 na Le Mans a Faransa ya ci shi sau 6. Ya je Ostireliya a 1977 ya ci Bathurst 1000 da motar gida, ya ɗauki kambun Can-Am na Amurka da Kanada a 1979, ya zama zakaran duniya na tseren dogon zango a 1982 da 1983. A wannan 1983 ɗin kuma ya ci Paris-Dakar, tseren nan na ratsa hamada daga Paris zuwa Dakar, shekarar da aka fara ratsa Tenere tamu. Ku nuna mini wani cikin ukun nan naku da ya taɓa cin tsere a kan rairayi.

Abdul-Aziz Kabu-kabu:
Wa alaikumus salam. Maigida Laouali, da girmanka, amma ka tsallake babban abu. Sau nawa ya zama zakaran Formula 1? Ko sau ɗaya. Schumacher sau 7, Hamilton sau 7, kuma Hamilton ya ci tsere sama da 100. Takwas ina, ɗari ina? Formula 1 nan ne ƙarshen gwaninta, duk wanda ya isa can yake. Wanda ya kasa a can shi ke zagayawa yana neman inda zai ci.

Laouali Makanike:
Ƙanena, Ickx bai bar Formula 1 ya tafi zagaye ba, tare yake yin su. A 1969 ɗin da ya ci Le Mans a watan Yuni, a ita ce ya ci tseren Jamus da na Kanada da motar Brabham, Jackie Stewart kaɗai ya fi shi maki. Kuma ka dubi yawan tseren lokacin. A 1969 guda 11 aka yi duk shekara, a 2024 an yi 24. Motocin da kuma sai su mutu maka a hanya, inji ya fashe ko giya ta watse. Kada ka auna takwas ɗin can da mudun yanzu.

Sai 1970. Jochen Rindt ne ke gaba da maki, ya rasu a Monza ta Italiya cikin watan Satumba wajen gwaji. Bayan tseren Kanada mutum ɗaya ya rage da zai iya wuce shi, Ickx mai tuƙa Ferrari. Ya ci Kanada, ya ci Meziko, amma a Amurka motarsa ta yi yoyon mai ya ƙare na huɗu. Rindt ya tashi da maki 45, shi da 40, aka ba mamaci kambu. Ickx da bakinsa ya sha faɗa cewa bai so ya karɓe kambun daga hannun wanda ba ya da ran kare kansa ba.

Malam Sanoussi:
Bari in sa baki kan Le Mans, don da yawa a nan sunan kawai suke ji. Ana tashi ranar Asabar da yamma, a gama Lahadi daidai wannan lokaci. Da'irar ta fi kilomita 13, kuma wani ɓangarenta hanyar jama'a ce da ake rufewa. Wanda ya fi cin nisa cikin awa 24 shi ya ci. A zamanin Ickx na farko mutum biyu ne ke karɓa-karɓa da mota ɗaya, dare da rana, ruwa ko hazo.

Abin da ya sa ba a manta 1969 shi ne yadda ake tashi a da. Motoci a jere a gefe guda, direbobi a tsaye a ɗaya gefen. Da an sauke tuta sai su kwasa da gudu, kowa ya faɗa motarsa ya tayar ya fice. Don kada a bar mutum a baya, da yawansu ba sa tsayawa ɗaura bel, sai sun hau miƙaƙƙiyar hanya suna gudun da ya fi kilomita 300 a awa sannan su yi ta lalube da hannu ɗaya. Ickx yana da shekara 24 ya ce shi ba zai yi ba. Aka sauke tuta, kowa ya ruga, shi ya taka a hankali har motarsa, Ford GT40, ya zauna ya ɗaura bel tsaf, ya tashi na ƙarshe. Ba a gama zagayen farko ba wani Baturen Ingila, John Woolfe, ya yi haɗari da Porsche 917 ya mutu, kuma abin da aka ruwaito shi ne bel ɗinsa ba a ɗaure yake ba.

Washegari, bayan kusan kilomita 5,000, wato kamar ka yi Maradi zuwa Yamai sau bakwai da rabi ba hutawa, Ickx da Hans Herrmann na Porsche suna ta wuce juna a zagayen ƙarshe. Ickx ya riga shi da wajen mita 120. Daga shekarar da ta biyo aka soke wannan gudun ƙafa, direba yana zaune a ɗaure ake tashi.

Elhaji Rabiou Mai Motoci:
Malam, Allah ya saka. Wannan labarin shi ya fi shiga raina cikin duk abin da aka faɗa. Ina da yara a hanyar Dan Issa da ta Damagaram, kuma babu abin da nake faɗa da su a kai kamar bel da gudu. Yaro sai ya ga in ya ɗaura bel abokansa za su ce matsoraci ne, sai ya hango jandarma ya rataya shi a kafaɗa. Ga mutumin da gudu ne sana'arsa, a gaban dubban jama'a, ya yarda a bar shi a baya don ya ɗaura. Zan karanta musu wannan yau da dare.

Abdul-Aziz Kabu-kabu:
Na yarda wannan jarunta ce. Amma Malam, Le Mans ai mota ce ke ci. Huɗu cikin shidan nan da Porsche ya ci su, lokacin da Porsche ta fi kowa kuɗi da injiniyoyi. Haka Alonso ya je a 2018 da 2019 ya ci da Toyota, bayan Audi da Porsche sun janye babu wani babban kamfani da ya rage. Kuma ba kai kaɗai ke tuƙi ba, da wanda zai karɓe ka. Ta ina za a gane hannun mutum ɗaya?

Laouali Makanike:
Ta 1977 za ka gane. Motar da aka ba Ickx, shi da Henri Pescarolo, injinta ya lalace tun da sauran rana. Sai Porsche ta ɗauke shi ta sa shi cikin ɗaya motar, ta Jürgen Barth da Hurley Haywood, wadda ita ma ta sha gyara ta koma can wajen ta 40. Renault na gaba da motoci lafiyayyu. Ickx ya riƙe sitiyari mafi yawan daren nan, cikin ruwa da hazo, yana cinye tazara zagaye bayan zagaye. Ya matsa wa Renault lamba, injinansu suka riƙa mutuwa ɗaya bayan ɗaya, da safe Porsche ta hau gaba.

Mu makanikai ga inda abin yake mana daɗi. Saura kaɗan a tashi, fistan ɗaya ya ƙone. Inji mai silinda shida. Maimakon su haƙura, sai suka cire wa silindar nan wuta da mai, suka jira har lokaci ya kusa cika, Barth ya fita da biyar yana lallaɓawa ya ƙetare layi. To ka gaya mini, motar ce ta ci ko mutane?

Kuma ita Formula 1 ɗin taka, ba mota ke ci ba? Hamilton ya yi kambu 6 da Mercedes lokacin da babu mai kama ta. Daga 2022 da motar ta ja baya, shekara biyu cur bai ci tsere ko ɗaya ba. Hannunsa ne ya lalace?

Baba Harouna:
Salamu alaikum. Jikana ne ke rubuta mini. Laouali, ka ambaci Tenere, to ni na ga wanga tsere na Paris-Dakar da idona. Ina ƙaramin direba lokacin, muna kai gangunan mai Agadas. In suka sauka, filin jirgi ya koma gari guda. Dare duka fitilu a kunne, ka ga an kwance mota an fidda giya an maida wata kafin asuba, direban na kwance cikin ɗan tanti kusa da taya. Da safe ya tashi ya kama hanya.

Yara ku sani, tuƙin rairayi wani karatu ne daban. Kwalta tana gaya maka inda za ka bi. Tenere ba ta gaya maka kome. Sai ka rage iskar taya, ka san kalar rairayin da ke ɗaukar mota da wanda ke haɗiye ta, ka san tudu ta ina iska ta yanke shi, don bayansa rami ne. Da rana tsaka ba inuwa, tudu da kwari duk su zama ɗaya a idonka. Lokacin kuma ba na'urar tauraron ɗan'adam, daga kamfas sai littafin hanya. Mutumin da ya saba da da'irar da ya haddace kowace kwana, a ce ya zo nan ya ci, ni na sara masa.

Malam Sanoussi:
Baba, Allah ya ƙara lafiya. Abin da ka faɗa shi ya faru a 1983. Guguwar rairayi ta taso musu a tsakiyar Tenere, wajen mutum 40 suka ɓace. Thierry Sabine, wanda ya kafa tseren, ya yi kwana huɗu yana bin su da jirgi mai saukar ungulu har aka gano kowa. Shi kansa a hamadar nan ya taɓa ɓacewa da babur a 1977 lokacin tseren Abijan zuwa Nice, daga nan tunanin ya zo masa, aka yi tashin farko daga Paris ranar 26 ga Disambar 1978.

Ickx ya fara shiga a 1981 da Citroën CX, motar da ba a yi ta don jeji ba. A 1983 ya ci da Mercedes 280 GE, mai karanta masa hanya kuwa ɗan wasan fim ne na Faransa, Claude Brasseur. Bayan nan shi ya ja Porsche ta shigo hamada. René Metge ya ci musu a 1984 da 1986, kuma a ta 1986 Ickx ne na biyu. A cikin wannan tseren ne, ranar 14 ga Janairu, jirgin Sabine ya faɗi a Mali ya rasu.

Nafissa:
Malam, itacen da ake cewa an watsa tokarsa a gindinsa, shi ne wanda ke gidan tarihi na Yamai?

Malam Sanoussi:
A'a ƴata, biyu ne. Na gidan tarihi shi ne tsohon itacen Tenere da wata babbar mota ta kaɓe a 1973, aka ɗauko gangar jikinsa aka kai Yamai, aka kafa na ƙarfe a gurbinsa. Na Sabine wani ne daban, can arewa da shi.

Mariama Ma'aikaciyar Jinya:
Ina bin ku tun ɗazu. Ban san inji ba, amma akwai abin da ba wanda ya faɗa. Ana ta lissafin Turawan da suka ɓace aka nemo su da jirgi. Mutanen ƙauyukan da motocin nan suka bi ta kansu fa? Shekara da shekaru tseren nan yana kashe ƴan kallo da masu wucewa, da yawansu yara. A 1988 an buge yarinya a Mali ta mutu, kuma ba ita kaɗai ba ce a tarihin tseren. Yaron da bai taɓa ganin abin da ya fi jaki sauri a ƙofar gidansu ba, ta yaya zai auna motar da ke tahowa cikin ƙura? Direban da ya mutu shi ya zaɓi ya shiga, ya sa hannu a takarda. Yarinyar nan ba wanda ya tambaye ta. Ina jin ciwon yadda muke riƙe sunayen masu tuƙin, amma namu da suka mutu ko sunansu ba mu sani ba.

Baba Harouna:
Ɗiyata, gaskiya kika faɗa, ba mai musa miki. Abin da zan ƙara, mutanen Agadas sun ci abinci da shi ƙwarai. Masu masauki, maƙeran azurfa, masu gyaran taya, Buzaye masu nuna hanya. Mano Dayak da kamfaninsa na yawon buɗe ido su ke shirya musu abubuwa da yawa a wancan yanki. Mako guda ake yi ana cinikin da ya kai wata da watanni. Amma kuɗi ba su maida ɗan da aka rasa. Duka biyun sun faru, na ga na farkon da idona, na biyun na ji shi a rediyo kamar kowa.

Laouali Makanike:
Hajiya Mariama, na karɓa. Laifin yana kan masu shata hanya ta cikin gari ba tare da sun tsare ta ba. A Le Mans bayan bala'in 1955 da ya kashe ƴan kallo sama da 80, an rushe wurin an sake gini don kare jama'a. Da ran mutanenmu ya yi musu nauyi haka, da sun kauce wa ƙauyuka tun farko. Shi Ickx ya sha faɗa a hirarraki cewa Afirka ce ta buɗe masa ido, ta fitar da shi daga rayuwar da ba ya ganin kowa sai kansa, kuma ya ci gaba da dawowa bayan ya bar tsere. Wannan bai wanke tseren ba.

Abdul-Aziz Kabu-kabu:
To tunda an zo Dakar, maigida, faɗa musu abin da ya faru a Gao ta Mali. Ko ni in faɗa? A 1989 gwanin naka ya yarda aka jefa kwabo a kan nasararsa.

Laouali Makanike:
Faɗa zan yi, ba abin ɓoyo ba ne. Shekarar nan Peugeot ta zo da 405 guda biyu da suka fi ƙarfin kowa, ɗaya hannun Ickx, ɗaya hannun Ari Vatanen ɗan Finlan, zakaran duniya na tseren jeji a 1981. Sun ratso Libiya da Nijar sun yi wa sauran nisa, ya zama su biyu ke kashe kansu da gudu. Tsakanin Yamai da Gao Vatanen ya wuntsila da mota, Allah ya sa ta tashi. Shugaban tawagar, Jean Todt, ya ga in aka ci gaba haka zai iya rasa motocin biyu, ko ma rai. A Gao ya fiddo faran 10 na Faransa, wanda a canjin lokacin dala ɗari ne namu, ya jefa sama. Ta faɗo wa Vatanen. Ickx ne ke gaba a lokacin, amma ya bi umarni har Dakar, ya ƙare na biyu.

Abdul-Aziz Kabu-kabu:
Ka ji fa. Kana gaba, da sauran tafiya, a ce dala ɗari ce za ta raba ku, kuma ka ce to. Senna, gwanin Formula 1 ɗan Brazil, zai yarda? Verstappen zai yarda? A Brazil a 2022 an ce ya ba abokin tawagarsa Pérez wuri, na shida ma ba na ɗaya ba, ya ce kada a sake tambayarsa. Wannan zuciyar ita ke kawo kambu. Rashinta ne ya hana Ickx zama zakaran Formula 1, ba yoyon mai ba.

Elhaji Rabiou Mai Motoci:
Yaro, kana magana ne don ba ka taɓa sayen mota ka miƙa wa wani ba. Motar ta Peugeot ce, man nasu, makanikai nasu, jirgin da ke ɗauko kayan gyara nasu. Mutum nawa suka bar iyalinsu suka kwana cikin ƙura don motar nan ta isa Dakar? In direbobi biyu suka kife saboda kowa na son sunansa, wahalar waɗannan duka ta tafi a banza. Ni da ni ne Todt haka zan yi, in tsaida faɗan. Kuma direban da maigidansa ya ce sassauta ya sassauta, alhali yana iya ƙin ji babu mai kama shi a tsakiyar jeji, wannan shi ne ɗan amana. Irinsa nake nema ban samu ba.

Malam Sanoussi:
Elhaji, rabin maganarka na bi, rabi ban bi ba. Tsaida faɗan daidai ne. Yadda aka tsaida shi ne bai yi ba. Ko a wurin malamanmu, ƙuri'a ana yin ta ne in haƙƙi ya zo daidai, babu abin da zai fifita wani kan wani. A Gao kuwa akwai mai fifiko: ɗaya na gaba, kuma bai kifar da motarsa ba. Da Todt ya ce kowa ya tsaya inda yake, da babu mai cewa uffan. Sai ya mai da wanda ya kiyaye da wanda ya yi ganganci abu ɗaya. Masu shirya tseren ma ransu ya ɓaci ƙwarai a lokacin, don an mai da sauran kwanakin yawon banza.

Amma Abdul-Aziz, a kan Ickx ban bi ka ba. Mutumin da ya ƙi gudu a gaban duniya a 1969 ba za a ce ba ya iya cewa a'a ba. Ya yarda a jefa, ta faɗi ba a gefensa ba, ya cika alkawari. Da ta faɗo masa ai zai so Vatanen ya cika.

Issoufou Ɗan Dakoro:
Malam, shi ma ai an taɓa zarginsa da son kai. Monako 1984, shi ne alƙalin tsere. Ruwa kamar da bakin ƙwarya, Alain Prost ɗan Faransa na gaba, sabon yaro Senna da ƙaramar motar Toleman yana cim masa kowane zagaye. Ickx ya ɗaga jar tuta ta tsaida tsere bayan zagaye 31, Prost ya ci. Injin McLaren ɗin Prost kuwa Porsche ce ta ƙera shi, kuma Ickx direban Porsche ne a lokacin. Mutanen Brazil har gobe ba su yafe ba.

Laouali Makanike:
Haka aka yi, kuma zargin yana da ƙafa, bai kamata a ba ma'aikacin Porsche wannan kujera ba tun farko. Amma dubi sakamakon. Da yake ba a yi nisa ba, rabin maki aka raba, Prost ya samu 4.5 maimakon 9. Ƙarshen shekara abokin tawagarsa Lauda ya doke shi da rabin maki, 72 da 71.5. Da an bari an gama, ko Senna ya wuce shi ya zo na biyu, maki 6 zai samu, kambun nasa ne. In taimako Ickx ya yi niyya, to cuta ya yi masa.

Ni abin da na gani, wannan mutum ne da ake kira gwanin ruwa. Tserensa na farko da ya ci a Formula 1, a Rouen a 1968, cikin ruwa ne, kuma a ranar Jo Schlesser ya ƙone cikin motarsa. Ickx kansa a Sifen a 1970 daga cikin wuta ya fito. In irin wannan ya dubi hanya ya ce ta wuce tuƙi, ni na yarda da idonsa.

Nafissa:
Kawu Laouali, me ya sa na yanzu ba sa yin haka, su riƙa shiga ko'ina?

Laouali Makanike:
Lokaci da kwangila. Tsere sama da 20 a nahiyoyi daban-daban, ga gwaji a kwamfuta, ga masu talla. Kuma kamfanin da ke biyan ka miliyoyi ba zai so ka je ka karye a wani wuri ba. Robert Kubica ya shiga wani ƙaramin tseren jeji a Italiya a Fabrairun 2011, ƙarfen gefen hanya ya ratsa motar ya kusa raba shi da hannun dama. Sai 2019 ya sake tsere a Formula 1, kuma bai koma yadda yake ba. Amma ka ga ikon Allah, a 2025 ya ci Le Mans da Ferrari.

Masu gwadawa suna nan jefi-jefi. Hülkenberg ya ci Le Mans a 2015 yana tsakiyar kakar Formula 1. Alonso ya bar Monako a 2017 ya tafi tseren Indianapolis na Amurka, ya jagoranci tseren kafin injinsa ya mutu, ya koma a 2019 ko gurbin shiga bai samu ba. Ya je Dakar ta Saudiyya a 2020 da Hilux ya ƙare na 13. Zakaran duniya sau biyu ke nan, kuma babu mai cewa bai iya ba. Wannan na 13 ɗin shi zai nuna maka nauyin abin da Ickx ya yi.

Elhaji Rabiou Mai Motoci:
Ita Dakar ɗin ma suna kawai ya rage. Tun 2000 aka kwashe su da jirage daga Yamai zuwa Libiya saboda barazana, a 2008 aka soke gaba ɗaya kan matsalar tsaro a Muritaniya, suka koma Kudancin Amurka, daga 2020 kuma Saudiyya. Yaranmu sai dai su gani a waya.

Mariama Ma'aikaciyar Jinya:
In za ta dawo da irin tsarin da, Elhaji, gara ta zauna can. In za ta dawo, a fara zama da masu garin da za a ratsa, a san wa zai tsare hanya, wa zai biya in an yi ɓarna, kuma motar asibitin da suke kawo wa kansu ta ɗauki namu ma.

Abdul-Aziz Kabu-kabu:
Maigida Laouali, zan ba ka 1969 da 1977, waɗannan ban da ta cewa. Zan kuma ba ka cewa tuƙin rairayi ba wasa ba ne, tunda Baba Harouna ya gani da ido, kuma Loeb mai kambun tseren jeji 9 ya yi ta zuwa Dakar yana dawowa na biyu da na uku. Amma tarihin Le Mans ɗin ma Tom Kristensen ya karya shi, ya kai 9. A Dakar Peterhansel na da 14, shida da babur, takwas da mota. A Formula 1 ba a maganarsa. Ke nan babu wuri ɗaya da Ickx ya fi kowa.

Laouali Makanike:
Babu, kuma ban ce akwai ba. Kristensen bai taɓa tsere a Formula 1 ba. Peterhansel bai ci Le Mans ba. Hamilton bai shiga ko ɗaya cikin biyun ba. Ka ɗauki ukun nan ka jera, ka nemo mini mutum ɗaya da ya ci tsere a Formula 1, ya ci Le Mans, ya ci Dakar da mota. Ickx kaɗai za ka samu.

Abdul-Aziz Kabu-kabu:
Zan bincika, in na samu wani zan kawo shi nan. Amma maganar Gao tana nan yadda na faɗe ta. Malam ya ce ya cika alkawari, to ni alkawarin ne bai kamata ya ɗauka ba. Tun kafin kwabon ya tashi sama ya dace ya ce wa Todt ga agogo nan, shi ya raba mu, ni ne gaba.